Rainon Ƙariya a Tukunya, Daga Iri Har Zuwa Fure

24 ga Afrilu, 2023

Yau na buɗe wannan littafi don aikin da na daɗe ina ƙudurtawa, wato rainon ƙariya daga iri maimakon reshe. Ina nufin itaciyar nan mai fure ruwan hoda da ake dasawa a tsakar gida da bakin zaure, wadda masana tsirrai ke kira Adenium obesum, masu sayar da furanni kuma su ce mata furen hamada.

Kusan duk ƙariyar da ke gidajenmu da reshe aka dasa ta. A karyo, a soke a ƙasa, ta kama. Sai dai wadda ta tashi ta wannan hanya miƙewa take yi siririya, tana shekaru kafin gindinta ya yi ƙiba, ƙibar ma a ƙarƙashin ƙasa take ɓuya. Wadda ta tsiro daga ƙwaya kuwa tun tana jaririya gindinta ke kumbura kamar tulu, nan take adana ruwan da za ta ci rani da shi. Wannan gindin nake nema.

Mun je gaisuwar Sallah Kazaure, na tarar tsohuwar itaciyar gidan Gwaggo ta yi 'ya'ya, abin da ba kasafai ake gani ba duk da yawan furenta. Kwanso biyu ne a manne ta gindi, kowanne ya nufi nasa gefe, tsawonsu ya kusa taƙi guda. Ba su bushe ba tukuna, sai na naɗe su da zare, domin ranar da suka tsage iska ce za ta kwashe irin. Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, me za ki yi da 'ya'yan ƙariya? Ga reshe nan, karyi ki tafi da abinki." Na ce, "Gwaggo, ku dai ku sa mini ido a kansu, in sun tsage ku aiko mini." Reshen ma na karɓa, don in riƙa gwada tashinsu.

14 ga Mayu, 2023

Iri ya iso a ƙunshe cikin takarda. Kowace ƙwaya siririya ce, ruwan ƙasa, tsawonta wajen santimita 1, da gashi mai laushi a kai da gindi. Na cire gashin na shuka a yau ɗin nan, saboda irin ƙariya ba ya son jira. Sabo yakan fito kusan duka, wanda ya yi watanni a ajiye kuwa sai an yi sa'a.

Haɗin ƙasar da na yi: kwano 2 na yashin kogi mai manyan ƙwayoyi, kwano 1 na dakakken gawayi, kwano 1 na ɓuntun shinkafa da aka babbaka, sai rabin kwano na tsohon takin shanu da ya riga ya zama gari. Ban sa ƙasar tsakar gida ba ko kaɗan, domin tamu akwai laka a cikinta, in ta sha ruwa sai ta cure. Na zuba a faffaɗan kasko da na sa aka huda wa gindi, na kwantar da ƙwayoyin a kwance, na yayyafa yashi a kai daidai yadda zai rufe su. Kaskon yana ƙarƙashin darbejiya, inda hantsi ke taɓa shi amma ranar azahar ba ta samunsa.

Reshen Gwaggo na bar shi a inuwa har bakin yankan ya bushe ƙamas, sannan na soke shi a busasshen yashi.

22 ga Mayu, 2023

Sun fito, alhamdu lillahi. Yawancinsu sun ɗago da ɓawon iri a ka. Waɗanda ɓawon ya maƙale musu na ɗiga masa ruwa ya yi laushi, na zare a hankali. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne tun kafin ganye na uku ya fito ƙafarsu ta riga ta yi kauri. A wannan mataki ba a barin kaskon ya bushe sarai. Ƙa'idar hana ruwa ta manya ce, jarirai ba su da ajiya tukuna.

30 ga Yuni, 2023

Damina ta zauna, hutun Babbar Sallah kuma ya ba ni sararin karatu a kan itaciyar. Asalinta yankinmu ne: tana fitowa da kanta daga Senegal da Mauritaniya, ta ratso Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Cadi har Sudan, ta gangara gabashin Afirka, ta tsallaka Yaman da kudancin Saudiyya da Oman. Wani masani ɗan Suwidin, Peter Forsskål, shi ya fara rubuta bayaninta ga Turawa bayan ya gan ta a Yaman. Can ya rasu a 1763, aka buga aikinsa a 1775, sunan da ake kiranta da shi yanzu kuma a 1819 aka sa mata. Danginta ɗaya da tumfafiya da kwankwani.

Wannan ya daidaita mini tunani a kan shawarwarin da nake gani a intanet. Galibinsu mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta, kuma damuwarsu ƙanƙara ce da ƙarancin rana: a shigar da tukunya ɗaki, a kunna mata fitila, a jira lokacin ɗumi. Mu ba mu da wannan matsala. Rana muna da ita har ta yi yawa. Abin tsoronmu biyu ne, ruwan watan Agusta da sanyin hunturu. Don haka na yanke shawarar bin kalandar da itaciyar ke bi a daji: ta ci ta sha da damina, ta zubar da ganye da kaka, ta yi barci da ɗari, ta yi fure a tsakiyar rani tun kafin a ga hadari.

19 ga Agusta, 2023

Marka ta yi kwanaki ba a ga rana ba. Na janye kaskon zuwa ƙarƙashin rumfar kwano, na ɗora shi a kan bulo don kada gindinsa ya zauna cikin ruwa. Duk da haka wasu ƙananan sun tafi. Alamar ɗaya ce: ganye ya yi rawaya daga ƙasa, in aka matsa gindin da yatsa sai a ji ya lotsa, in aka tuge a ga saiwar ta yi baƙi. Na tsame su da ƙasar da ke kewaye da su, na barbaɗa toka a gurbin.

Tun daga nan na ɗauki al'adar taɓa gindin kowacce da safe. Mai lafiya tauri gare shi. Wanda ya yi taushi ƙasa tana bushe, ƙishi ne, ruwa zai gyara shi. Wanda ya yi taushi ƙasa tana jiƙe, ruɓa ce, ƙara masa ruwa kashe shi ne. Ido kaɗai ba ya raba waɗannan biyun, sai an haɗa da yatsa a cikin ƙasar.

8 ga Oktoba, 2023

Ranar dashe. Kawu ya zo daga lambu ya taya ni, shi da ya shekara da shekaru yana auren mangwaro da lemo. Kowace ta samu tukunyarta ta ƙasa, ƙarama, wadda ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Na zaɓi ta ƙasa a kan ta roba saboda jikinta na tsotse danshi, kuma ba ta ɗaukar zafi yadda baƙar roba ke yi. Babbar tukunya kuma ba gata ba ce ga ƙaramar ƙariya, ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ita ke riƙe ruwa.

Na raba su gida biyu. Rabi na dasa yadda suke, da doguwar saiwarsu mai nutsewa. Rabi kuma na bi dabarar manoman Tailan: a yanke gindin a kwance da reza mai tsabta, a bar yankan ya bushe a inuwa, sannan a zaunar da shi a kan wani abu mai faɗi, ni murfin kwalba na sa, yadda sababbin saiwoyi za su fito ta gefe su bazu. Kawu bai so ba. Ya ce, "'Yar nan, itacen da aka datse wa uwar saiwa ba ya jure fari." Na ce, "Gaskiyarku Kawu, in a gona ne. Amma wannan a tukunya za ta rayu, saiwar ba ta da inda za ta nutsa." Ya yi shiru, ya ce to a gwada a gani.

Dole in rubuta wannan da babbar murya: ruwan jikin ƙariya dafi ne. Yana ɗauke da sinadarin da ke taɓa bugun zuciya, kuma a wurare da dama na Afirka an yi amfani da shi wajen dafin kibiya da kashe kifi, kamar yadda maharbanmu suka yi da kwankwani. Kawu ya sa leda a hannu kafin ya taɓa yankan, muka wanke hannu da sabulu bayan mun gama, rezar kuma na jefa ta masai. Tukwanen suna kan wani dogon benci inda hannun yara ba ya kaiwa, guntayen da aka yanke kuma ba a zuba su inda akuya ko kaza za ta samu.

27 ga Disamba, 2023

Hunturu ya kankama. Ganye ya zube, saura sanduna masu kumburarren gindi, ƙura ta lulluɓe su. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Maman yara, ai furanninki sun mutu, ki ba su ruwa mana." Na kama hannunta na sa ta matsa gindin guda, ta ji shi da tauri.

Yanzu ne aka fi kashe ƙariya da tausayi. Itaciyar da ba ganye ba ta jan ruwa, ga dare da sanyi, duk abin da aka zuba zama zai yi a saiwa. Sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10 yana cutar da ita, musamman in ƙasar na jiƙe, daren Kano kuma a wannan wata yakan matso kusa da haka. Na mayar da su jikin bangon da rana ke duka da yamma, wanda ke riƙe ɗumi har dare kuma yana tare iskar gabas. Ruwa sai na ga gindi ya fara yamushewa, shi ma ɗan kaɗan, da hantsi.

20 ga Maris, 2024

Azumi ya zo cikin zafi mai tsanani, ma'auni na haura 40 da rana. Mu muna jigata, su kuwa yanzu suka farka. Kan kowace ya yi toho ja-ja. Na koma ba su ruwa sosai, in zuba har ya fita ta ƙasa, sannan in ƙyale sai ƙasar ta bushe. A wannan zafi ƙaramar tukunyar ƙasa ba ta daɗewa, don haka masu cewa ƙariya ba ta son ruwa rabin zancen suka faɗa. Da bazara tana sha ƙwarai, zaman ruwa ne ba ta so.

Na sa musu kamfa, 'yan ƙwayoyi a bakin tukunya nesa da gindi. Yuriya ban sa ba, tana sa reshe ya zuƙe ya yi laushi, ni kuwa gajarta da kauri nake so.

Darɓa ta sauka a kan sabon tohon, irin rawayar nan da ake gani a jikin tumfafiya, kiyashi na biye da ita. Na jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, na tace, na narka ɗan sabulun salo a ciki, na fesa bayan la'asar. Na kuma sare tumfafiyar da ke bayan katanga, don daga can take tasowa.

12 ga Mayu, 2024

Shekara guda da shuka. Waɗanda aka yanke wa gindi sun yi jinkiri da farko, yanzu sun kamo 'yan'uwansu, kuma da na ɗan tone yashin na ga saiwoyi sun fito ta kowane gefe. Reshen Gwaggo ya fi su duka tsawo, har ya yi fure, amma daga sama har ƙasa kaurinsa ɗaya.

Na sayi wata mai aure a wajen masu furanni na bakin titi, irin da ake yi a Tailan da Taiwan, furenta ja wur, ninki a kan ninki. Irin waɗannan ba sa maimaita kansu ta ƙwaya, shi ya sa ake ɗora reshensu a kan gindin da aka raina daga iri. In aka duba da kyau ana ganin tabon haɗin. Ba zan ce ba ta da kyau ba, duk wanda ya shigo gidan ita yake fara tambaya. Amma ni har yanzu tamu ta fi kwanta mini: ganyen fure biyar, baki ruwan hoda, ciki fari-fari, a kan reshen da ba ko ganye ɗaya, a watan da komai ya ƙone. Ina jin takaicin yadda ake sare tsofaffin itatuwanta in za a yi sabon gini, sannan a je a sayo 'yar'uwarta da tsada daga wata nahiya.

Kawu ya yanki ɗan reshen baƙuwar ya aura wa biyu daga cikin nawa. Shi tsaga ya saba yi, irin ta mangwaro: ya tsaga kan uwar, ya fiƙe reshen ta gefe biyu, ya cusa, ya naɗe da leda. Ya ce kada ruwa ya taɓa wurin, kada kuma a kwance sai an ga toho.

2 ga Yuni, 2024

Auren ɗaya ya kama, na ɗayar ya bushe. Wadda aurenta ya bushe ta fitar da rassa uku daga ƙasan yankan, ta ma fi kyan siffa. Ganin haka na datse kan wasu dogaye don su yi rassa.

15 ga Satumba, 2024

Daminar bana ta yi ƙarfi a duk faɗin Arewa da Nijar, ga abin da ya samu mutanen Maiduguri a makon nan bayan fashewar madatsar Alau. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

A nan gida nawa sun tsira, suna ƙarƙashin rumfa tun farkon Agusta. Baƙuwar ce ta kamu. Ganyenta ya zube a lokacin da bai kamata ba, gefe ɗaya na gindin ya lotsa. Da na zazzage tukunyar sai na tarar a tsakiyar saiwar akwai curin baƙar ƙasa mai danƙo da ta zo da shi, ya riƙe ruwa ya ƙi saki. Na wanke saiwar tas. Na ɗauki wuƙa mai kaifi ina yanka ina goge ta da sifirit, ina bin ruɓar har na kai fari tas ba ɗigon ruwan ƙasa, domin ko ɗan tabo aka bari daga nan za ta ci gaba. Kusan sulusin gindin ya tafi. Na shafe wurin da garin kirfa, na rataye ta a inuwa inda iska ke wucewa. Ƙariya na iya zama a rataye haka fiye da mako guda ba abin da zai same ta, ajiyar jikinta na riƙe da ita. Sai yankan ya yi ɓawo za ta koma cikin busasshen yashi da gawayi, ruwa kuma sai ta nuna alamar toho.

Duk wanda ya sayi ƙariya a bakin titi, shawarata ya zazzage ta a ranar ya canza mata ƙasa. Masu sayarwa ƙasa ɗaya suke zuba wa kowane fure.

9 ga Fabrairu, 2025

Baƙuwar ta rayu, da rami a gefenta. Amma labarin yau ba nata ba ne. Uku daga cikin 'ya'yan itaciyar Gwaggo sun yi kunnen fure tun ƙarshen Janairu, yau da safe na farko ya buɗe. Na kira yara suka gani, na ɗauki hoto na aika Kazaure.

3 ga Maris, 2025

Yanzu da yawa sun buɗe, kuma ba su zama iri ɗaya ba ko da yake itaciya ɗaya ta haife su. Wata bakinta ya yi ja sosai, wata kusan fara ce, wata furenta ƙarami amma a cunkushe. Mai dasa reshe ba ya samun wannan, abin da ya karyo shi zai gani.

Wannan ya kai ni ga dalilin da ya sa na gida ba su cika 'ya'ya ba. Yawancin ƙariya ba ta ɗaukar garin furen kanta, sai na wata daban. In duk na unguwa daga reshen itaciya ɗaya aka yaɗa su, to a haƙiƙa itaciya ɗaya ce a gidaje da yawa. Ga shi kuma ginin furen da wuya: zarurruka biyar da ke leƙowa daga ciki ba su ne masu garin ba, garin yana can ƙasa cikin wani ɗan ƙoƙo a rufe, wurin karɓarsa kuma yana ƙarƙashin ƙoƙon, sai ƙwaro mai dogon baki ke isa. Gwaggo ta ce akwai wata ƙariya a kan duwatsun bayan gidansu da ba wanda ya dasa ta. Ina kyautata zaton garin furenta ne ya sa ta Gwaggo ta yi 'ya'yan da na shuka.

Na gwada da hannu bayan sallar asuba. Na tsaga gefen furen mai jan baki, na buɗe ƙoƙon, na lakato garin da jiƙaƙƙen tsinken sakace, na kai shi ƙarƙashin ƙoƙon furen mai fari, na mayar da tsagar na manne da salatif. Na ɗaura jan ƙyalle a reshen don in gane shi.

20 ga Afrilu, 2025

Biyu daga cikin furannin da na haɗa sun riƙe, sauran sun kaɗe. Kwansunan sun kai tsawon yatsa, sai nan da wajen wata guda ko fiye za su nuna.

Yau na sauya wa manyan tukunya kafin ruwa ya sauka. Kowace na ɗaga ta sama da kaurin yatsa biyu, yadda kafaɗun saiwar da ke ɓoye za su fito fili, na aske ƙananan jijiyoyin da suka rage a sama. Waɗanda aka zaunar a kan murfin kwalba sun ba da abin da ake so, saiwa ta bazu ta kama ƙasa ta ko'ina. Na nuna wa Kawu, ya juya tukunyar ya duba ta kowane gefe, ya ce in ware masa guda biyu zai kai lambu. Fatar da ta saba zama cikin ƙasa fara ce, ranar Afrilu na iya ƙona ta, don haka na naɗe gindin da tsohon buhun algarara, zan riƙa sassautawa har ta yi duhu. Masu kwanso ban taɓa su ba, sai sun zubar da iri. Sauran ba za su ga ruwa ba sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, lokacin da raunukan saiwar suka rufe.